Dogs in Space a faifai: fim ɗin daren Melbourne da ya raba kan masu kallo

Da wuya ka sami mutum biyu da suka kalli Dogs in Space suka tashi da ra'ayi ɗaya. Wani zai ce maka ba a taɓa ɗaukar rayuwar dare ta matasan Ostareliya da gaskiya irin haka ba. Wani kuma zai ce ya ɓata kusan awa biyu yana kallon ƙazamin gida da mutanen da ba a jin abin da suke cewa. Dukansu suna da hujja, sai dai rabin ƙorafin na biyun daga na'urar da ya kalla da ita yake.

Richard Lowenstein ne ya rubuta fim ɗin ya kuma ba da umarni, ya fito a ƙarshen 1986. Labarin yana faruwa ne a 1978 zuwa 1979, a wani gidan haya da ke unguwar Richmond a Melbourne, inda mawaƙan punk (wani salon kiɗan rock mai tsauri na matasa 'yan bore) da ɗalibai da marasa aikin yi suke cunkushe. Michael Hutchence, mawaƙin ƙungiyar kiɗa ta INXS, ne ya fito a Sam, mawaƙin da ba ya iya riƙe ko kansa, Saskia Post kuma ta fito a Anna, budurwar da ke aiki tana ɗauke da nauyinsa. An gina Sam ne a kan Sam Sejavka na ƙungiyar The Ears, wanda Lowenstein ya zauna gida ɗaya da shi, kuma a wancan gidan na Berry Street aka yi ɗaukar.

Babban abin da ake rigima a kai shi ne rashin zaren labari. Fim ɗin yana buɗewa da layin masu kwana a waje don sayen tikitin wasan mawaƙin Ingila David Bowie, daga nan sai biki bayan biki, wasa a mashaya, a dawo gida da asuba a zube gaban talabijin. Ana ta jin labarin Skylab, tashar sararin samaniyar Amurka da ta faɗo a Yulin 1979, ɓaraguzanta suka watsu a yammacin Ostareliya. Kyamarar Andrew de Groot tana ratsa ɗakuna a doguwar ɗauka ba yankewa, ta bar wannan hira a tsakiya ta kama waccan, ta wuce kan tulin kwanukan da ba a wanke ba da wani ɗalibi da ke fama da littafinsa a tsakiyar hayaniya. Wanda ya san irin wannan zama yakan ce haka abin yake. Wanda ke jiran a ƙulla rikici a warware, sai ya gaji tun kafin rabin lokaci. A ganina masu suka sun yi gaskiya a wuri ɗaya: mutanen gidan sun yi yawa, har ƙarshe akwai waɗanda ba za ka riƙe sunansu ba. Amma mutuwar Anna sanadiyyar hiroyin, muguwar ƙwayar maye, tana dukan zuciya ne daidai saboda an bar ka ka saki jiki da shashancin.

Hukumar tace finafinai ta ƙasar ta ba shi tambarin R, wato an hana 'yan ƙasa da shekara 18 shiga. Hakan ya kashe masa kasuwa a sinima, domin yawancin masoyan Hutchence a lokacin yara ne matasa. A kaset ɗin bidiyo da faifan waƙoƙinsa, wanda mawaƙi Ollie Olsen ya jagoranci haɗawa, ya tara mabiyansa sannu a hankali. Tambarin nan ba na banza ba ne, akwai allura da tsiraici da ashar. Ba na falo da yara ba ne.

Faifan da ya cancanci kuɗinka shi ne gyararren bugun da kamfanin Umbrella Entertainment ya fitar a 2009, tare da shirin gaskiya mai suna We're Livin' on Dog Food, inda waɗanda suka yi zamanin suke magana da bakinsu, har da Rowland S. Howard, marubucin waƙar "Shivers", wanda ya rasu a Disambar wannan shekarar. Fara da shirin kafin fim ɗin. Da zarar ka gane yadda ƙananan ƙungiyoyin kiɗa na wancan zamanin suke haɗuwa su yi wasa ɗaya ko biyu su watse, suna aron kayan kiɗan juna, hargitsin sai ya zama abin fahimta.

Kafin ka yi oda, duba lambar yanki a bayan kwalin. DVD na Ostareliya yanki na 4 ne, na'urorin da aka yi wa yawancin Afirka kuwa na 5 ne, don haka in faifan a kulle yake sai da na'ura mai karɓar kowane yanki. Blu-ray ya fi sauƙi, Ostareliya da Afirka da Turai duk yankin B ne. Wanda ya sayo na'urarsa daga Amurka yankin A gare shi, zai ƙi karanta kulallen faifai. Ka kuma tambayi mai sayarwa ko akwai rubutun magana a ƙasan allo, don Turancin Melbourne na masu maye yana ba ma ɗan Ingila wuya.

Sai sauti, inda yawancin masu kallo suke faɗuwa. Da gangan aka jera muryoyi uku ko huɗu a kan juna, ga kiɗa ga talabijin a kunne a baya. Ƙaramar lasifikar da ke jikin siririn talabijin takan dunƙule su duka su zama gunaguni. Sa abin ji na kunne, ko lasifika biyu masu kyau, kuma in faifan ya ba ka zaɓi, ɗauki sautin lasifika biyu maimakon na 5.1 (mai raba sauti ga lasifika shida), sai dai in kana da lasifikar tsakiya, don a nan ake ajiye magana. A ɓangaren hoto, kashe saitin da ke santsar da motsi da wanda ke goge yashin hoto, wato 'yan ɗigo-ɗigon da ake gani a tsohon fim. Yawancin fitowar da dare aka ɗauke ta da ɗan haske, in talabijin ya goge yashin nan sai fuskoki su koma kamar an shafa musu kakin zuma. Kada ka ja hoton ya cika allo, a gefe-gefe ne rabin abin da ke faruwa a gidan yake.