Labarin Ɗalibin Jami'a: Wanne Za Ka Saya, Na Kano, Na Zariya Ko Na Ƙetare?

Ƙanwata ba ta son labarin aljanu ko na gadon dukiya. Ita dai a tona mata abin da ke cin mutum a zuci. Ranar Asabar na raka ta wajen masu littattafai a Sabon Gari, muka ga yawancin irin waɗannan labarai a jami'a ake kafa su. Ba mamaki: matashi ne ya bar gaban iyaye, ga fargabar allon sakamako, ga ra'ayoyin da bai taɓa ji a gida ba. Sai dai garin da jami'ar take shi ke raba damuwar wani da ta wani.

Ni na fi karkata ga wanda aka kafa a Kano. Jami'ar Bayero ta zama cikakkiyar jami'a a 1977, a cikin birnin da ya girme ta da ɗaruruwan shekaru. Ɗaliba ta fito lakca a sabon mazauni, hanyar Gwarzo, ta hau adaidaita sahu, kafin magariba tana tsakar gida a Yakasai, Inna na tambayarta wa ke yawan kiranta a waya. Rayuwa biyu a wuni guda. Marubuci mai basira ba ya buƙatar mugun mutum a labarin, wannan ja-in-ja ta ishe shi.

Na Zariya kaɗaici ne jarinsa. Jami'ar Ahmadu Bello, tun 1962, tana Samaru, nesa da ganuwar birni. Ɗalibin da ya zo daga nesa sai ɗakin kwana da dogon dare, babu idon dangi. In kana son ganin mutum yana rushewa a hankali ba wanda ya lura, nan za ka nufa.

Na ƙetare, irin na Oksfod a Ingila, a gwanjo ake tsintarsu. Suna da zurfi, amma Turancinsu na da nauyi.

Kafin ka biya, ko na takarda ne ko wanda ake turowa ta WhatsApp, karanta shafi biyu daga tsakiya. In za a iya mayar da jarumar shagon ɗinki labarin bai sauya ba, jami'ar ado ce kawai, ajiye shi. Na waya kuwa ka tambaya ko an kammala rubuta shi, don akwai masu tsayawa a rabi.

Ƙanwata ta ajiye uku, ta ce, "Yaya, na Kanon nan zan ɗauka."