Dandalin gwajin netwok ya burge ni, amma ya share min aikin kwana biyar

Wata biyu ke nan ina amfani da wani dandalin gwajin netwok da wasu jami'o'in Amurka ke gudanarwa, inda ake ara wa masu bincike sabar ta intanet, malamina ne ya buɗe mana furojet ya saka ni ciki tunda ɗalibi ba ya buɗewa da kansa. Aikin mastas ɗina kwatanta BBR ne, wanda Google ta fitar a 2016, da CUBIC da Linux ke zuwa da shi, dukansu dabarun daidaita saurin tura data ne a intanet, a ga wanne ya fi jure layi mai zubar da fakiti, wato ƙunshin data, irin namu na nan. Da a Mininet, manhajar da ke kwaikwayon netwok a kwamfuta ɗaya, nake fama a laftof ɗina, abin na ɗan girma fanka ta kama kuka, lambobin da ke fitowa kuma hankalina bai taɓa kwanciya da su ba.

Ranar farko wallahi sai da na miƙe tsaye. Ina ɗakina a Unguwar Rimi na rubuta ɗan fayil na Python na ce ina son sabar uku, ta tsakiya ta zama rawuta, kafin in dawo daga la'asar sun tashi, inji na gaske sukutum a hannuna har da root, wato cikakken iko a kansu, ko sisi ban biya ba. Na sa manhajar tc na ƙara jinkiri da zubar fakiti, na kunna iperf3 mai auna saurin layi, ga CUBIC na durƙushewa BBR na ci gaba da jan kaya kamar yadda na karanta a takardu. A wannan dare duk wanda ya tambaye ni sai in ce babu kamarsa.

To amma fa ga inda raina ya ɓaci. Gwaji yana da wa'adi, awa 16 suke fara ba ka sai ka nemi ƙari, na nema aka ba ni mako guda, na yi ta tara sakamako kwana biyar a kan faifan sabar ɗin. Sai taransifomar layinmu ta ƙone, kwana biyu ba wuta, laftof ta mutu, waya kuma tana wajen mai caji a bakin titi. Imel ɗin gargaɗi ya shigo cikin dare. Na samu wuta ranar Asabar na buga ssh don in shiga sabar daga nesa sai ya ƙi shiga, na duba shafin babu gwajin babu alamarsa, an wanke injinan an ba wani. Jikina ya yi sanyi, ko tuwon da Hajiya ta aiko ban iya ci ba. Na san an rubuta a bayanansu cewa faifan ba ma'aji ba ne, na kuma san wasu na layi suna jira, amma haba, a riƙe wa mutum fayilolinsa ko na kwana ɗaya mana, ba kowa ke zaune inda wuta ba ta ɗaukewa ba. Da na rubuta musu sun amsa da wuri cikin mutunci, sai dai amsar ita ce ba abin da za a iya dawowa da shi.

Tunda na fara ma bari in ƙarasa, akwai makon da na kwana uku ina neman irin injinan da na fara da su duk an kwashe, canza iri kuwa yana ɓata kwatancen. Ga nisa, ka danna harafi sai ya yi jim kafin ya fito, in ba ka shiga tmux ba, manhajar da ke riƙe aiki ko layi ya yanke, netwok na yankewa aikin ya tsaya.

Malam ya ce in sake daga farko, na sake. Yanzu kowane zagaye na ƙarewa rsync, manhajar kwafar fayiloli, ke jawo sakamakon zuwa laftof, ranar ƙarewar wa'adin kuma na rubuta ta da alƙalamin maka a jikin ƙofar ɗakina. Har yanzu ina kai, saura zagaye huɗu in shiga babi na huɗu.