Malamar lesin ko kwamfutar hannu: ni duka biyun na gwada

'Yar'uwa, tunda kin ce a zaɓa miki tsakanin kwamfutar hannu mai manhajojin karatu da malamin lesin don yaronki ɗan aji uku, to ki ɗauki malami. Ni kwamfutar na fara saya wa tawa 'yar, yanzu haka tana cikin durowa da fasasshen gilashi.

Ba zan ci haƙƙinta ba, ta ɗan taimaka wajen haddar jadawalin sau biyu da sau uku na lissafi. Iyakarta ke nan. Yaro da ya gane cewa amsar daidai ce ke fito da tauraro, sai ya yi ta dangwale har ya dace. Ko a ƙasar Peru da gwamnati ta raba wa 'yan firamare ɗimbin kwamfutoci a shirin One Laptop per Child, binciken da ya fito a 2012 bai ga makinsu na lissafi ko na karatu ya ƙaru ba.

Malamar da muka samu kuwa, ranar farko ko littafin aji uku ba ta buɗe ba. Ta ce yarinya ta ɗebe 17 daga 52, ita kuwa ta rubuta 45. Ni har na fara faɗa, na ɗauka wasa ne. Malama ta ce in dakata, ai yarinyar tana da tata ƙa'ida: kullum ƙaramar lamba take cirewa daga babba, 2 daga 7, 1 daga 5. Ashe aro daga gidan goma ne ba ta gane ba, kuma shekara guda ba wanda ya lura. Sai ta ɗaɗɗaure tsinkayen ashana goma-goma da roba, ɗauri biyar da guda biyu a gefe, ta ce ta ba ta bakwai. Yarinya ta yi shiru can, sannan da kanta ta kwance ɗauri ɗaya. Wallahi sai da na ji ƙwalla.

Karatun ma haka. Ashe hoto take kallo tana zuba abin da ta haddace. Da aka rufe hoton da tafin hannu sai ta tsaya cak. Suka koma haɗa baƙi da wasali, ba, bi, bu, ina ta jin kunya wai 'yar aji uku. Ba a rufa wata uku ba ta fara karanta mini allunan bakin hanya har na gaji.

Daga baya na ji cewa haka ƙungiyar Pratham ke yi a Indiya: a gwada yaro ko harafi ya sani, ko kalma, ko sakin layi, ko labari, sai a fara daga inda ya tsaya, ba daga ajin da yake ba. Manhaja ba ta ganin hannun yaro lokacin da yake kuskure, balle ta tambaye shi me ya sa.

Ki nemi lesin na minti 30 sau uku ko huɗu a mako. Ya fi amfani a kan awa biyu a rana ɗaya, yaro yana hamma.

Ba ki tambaya ba, amma ki yi hattara da masu tallar kwamfutar nan. Wasunsu manhajojin kyauta irin su Khan Academy Kids suke lodawa a na'ura mai araha, su ninka kuɗi, su ce yaro zai iya karatu cikin mako biyu. Ƙarya ce. A cikin masu lesin ma akwai wanda zai yi wa yaro aikin gida da hannunsa, ki ga maki ya hau ki yi ta murna. Ki zauna a darasin farko. Bayan wata guda kuma ki miƙa wa yaron shafin da bai taɓa gani ba, marar hoto, ya karanta miki a gaban malamin.