Patronato: ofishin da ke bin haƙƙin wanda ya yi aiki a Italiya

Italiyawan da suka bar gida, fiye da miliyan 6 a rajistar AIRE ta mazauna ƙasashen waje, suna da wurin kai kuka da ake kira patronato. Biyu daga cikin irin waɗannan ofisoshi, INCA ta ƙungiyar ƙwadagon CGIL da Patronato ACLI na ƙungiyar ma'aikata Kiristoci, sun soma a 1945, kuma suna da ofisoshi a Faransa, Beljiyam, Jamus, Ajantina da sauransu. Ɗan Damagaram da ya yi aiki da kwantiragi a Italiya, aka riƙa cire masa kuɗin INPS, wato hukumar fanshon Italiya, shi ma yana da haƙƙin shiga ƙofar nan.

Inda suka fi ƙwarewa shi ne fansho. Za ka ba su kofin fasfo, lambar codice fiscale (lambar haraji ta Italiya) da lambar asusun banki, ka sa hannu a takardar wakilci. Su za su ciro estratto conto, wato lissafin makonnin da aka zuba maka, su duba inda aka tsallake, su shigar da buƙatar. Bin fansho kyauta ne, don haka duk ɗan tsakiyar da ya ce a ba shi kaso, a guje shi.

Ƙa'idar karɓar fansho ita ce kai shekara 67 da haihuwa da zubin shekara 20. Amma baƙon da ya koma ƙasarsa, in zubinsa ya soma a 1996 ko bayanta, yana iya karɓa a 67 ko bai cika 20 ba. Da yawa cikinmu sun bar kuɗinsu can saboda rashin sanin wannan, abin da ciwo.

Abu biyu ke ɓata aiki. Na farko suna: Mahamadou a fasfo, Mamadou a takardar aiki, ko ranar haihuwa ta saɓa, sai fayil ya tsaya. A daidaita su kafin a tura. Na biyu takardar shaidar kana raye da Citibank ke aikowa a madadin INPS. Sai an sa hannu gaban hukuma an mayar kan lokaci, in ba haka ba a dakatar da biya.

Raunin patronato a wajenmu nisa ne. INCA na da ofis a Dakar, amma daga Zinder aikin duk na waya ne da imel, da Faransanci ko Italiyanci, kuma amsa kan yi jinkiri. Shekarun aikin gona ba kwantiragi kuwa ba sa fitowa a lissafi sai da hujja. Wanda ya adana takardun albashinsa, busta paga, zai ci moriyarsu sosai.