Nikon D3500 ko Canon 2000D, wacce mai koyon hoto zai saya?

In kana so ka tashi daga ɗaukar hoto da waya ka koma kyamara irin DSLR, wato babbar kyamara mai madubi a ciki wadda ake canza mata lensi, kuma kuɗin hannunka ba su taka kara sun karya ba, to kusan duk shagon da ka shiga guda biyu za a fara miƙo maka, Nikon D3500 da Canon 2000D, wani lokaci a haɗo da 4000D a ce ai wannan ta fi sauƙin kuɗi. Ni D3500 ce a hannuna, 2000D kuma na yi aiki da ta abokina har na san halinta sosai, don haka ba wani kewaye-kewaye, in dai hoto ne zalla a ranka ba bidiyo ba to Nikon ɗin ta fi cancanta da kuɗinka.

Duk su biyun a 2018 suka fito, D3500 megafiksel 24.2 gare ta, 2000D kuma 24.1, ka ga kenan a nan babu wadda ta fi wata, kuma don Allah kar mai shago ya cika maka kunne da maganar megafiksel, wayar aljihunka ma wataƙila an rubuta mata 50 ko 108 amma hotonta na dare ba zai kama ƙafar na waɗannan ba. Abin da ke aikin shi ne girman sensa, wato ɗan farantin da ke cikin kyamara yana karɓar haske ya mayar da shi hoto, ta Nikon milimita 23.5 ce da 15.6, ta Canon ta ɗan fi ƙanƙanta kaɗan, dukkansu dai sun ninka ta waya sau da yawa, shi ya sa suke kwasar haske a ɗakin da ba wuta sosai kuma fuskar mutum ta fito da kamanninta ba kamar an shafe ta da fenti ba.

Inda Nikon ta yi wa Canon nisa na farko batir ne, kuma wallahi ga wanda yake zaune inda wuta sai ta ga dama take zuwa wannan ba ƙaramin abu ba ne. Kamfanin ya ce caji ɗaya yana ɗaukar hoto 1,550, na 2000D kuma 500 ne. Ni dai ina fita da ita tun safe wajen suna ko ɗaurin aure, a yi walima a yi hoton dangi a watse batir bai nuna gajiya ba, alhali mai 2000D dole ya tanadi na biyu a aljihu. Sharaɗin kawai shi ne ka dinga leƙawa ta 'yar tagar ido ta sama, in ka ce a sikirin za ka dinga kallo kamar waya to kowace iri ce batir zai zube da wuri, kuma fokas ɗin ma ya fi jinkiri a haka.

Sai sauri, D3500 tana ɗaukar hoto 5 a daƙiƙa ɗaya, 2000D 3, wuraren kama fokas 11 ne da 9. A takarda kamar ba komai, amma ka tsaya a gefen hanya ranar hawan Daushe dawakai sun taso a guje, ko yara suna ƙwallo a fili, a nan za ka gane hotuna biyun nan da suka ƙaru su ne suke ba ka wanda ƙafar doki take sama. D3500 ba ta da nauyi kuma, gram 365 ce ba batir ba lensi, mariƙinta yana da zurfi yatsu suna zama daram, ana iya yini da ita a wuya. Abin da ya fi burge ni game da mai koyo shi ne wani waje da aka sa mata mai suna Guide, ka murɗa kansa sai ta tambaye ka me kake so, bayan mutum ya dushe ne ko ka tsayar da abin da ke gudu ne, ta nuna maka abin da za ka taɓa kuma kana ganin lambobin suna canzawa, a hankali sai ka ga ka daina barin ta a kan Auto. Da Turanci yake magana fa, amma mai sauƙi ne.

Ita ma Canon ba a raina ta. Tana da WiFi, hoto yana shiga waya da cikakken girmansa, ita kuwa D3500 Bluetooth ne kawai ta manhajar SnapBridge kuma hoton da take turowa an rage shi zuwa megafiksel 2, ya isa a sa a status amma bai isa a wanke babba a sa a firam ba, sai dai ka sayi ɗan abin karanta memori ka jona a waya ko kwamfuta, ba shi da tsada. Kalar fatar mutum a Canon tana fitowa da ɗan ɗumi tun daga cikin kyamara, mutane da yawa sun fi son ta haka. Sannan a unguwarmu yawancin masu hoton biki Canon suke riƙewa, to in wanda zai koya maka ko wanda za ka dinga aron lensi a wajensa Canon gare shi, gaskiya wannan kaɗai ya isa dalilin da za ka bi shi, don lensin Nikon ba ya hawa Canon kai tsaye, na Canon ma ba ya hawa Nikon. Abu ɗaya ka duba, 2000D na farkon fitowa an cire musu ɗan ƙarfen tsakiya a wajen ɗora filasha, filasha masu araha da yawa ba sa tashi a kansu, in ka leƙa ba ka ga ɗigon ƙarfe babba a tsakiya ba to ka san da haka kafin ka biya.

4000D kam ban ba ka shawara ba. Megafiksel 18, sikirin inci 2.7 mai dishi-dishi wanda ba ka iya tantance ko hoto ya fita sai ka je gida, bakin da lensi ke shiga ma roba ne ba ƙarfe ba. Ɗan rarar da za ka samu bai kai abin da aka rage mata ba.

Masu son bidiyo kuma, masu wa'azi ko girki ko tallan kaya, D3500 da 2000D duk ba naku ba ne, babu inda za a jona makirfo a jikinsu kuma sikirin ɗinsu a manne yake ba ya juyowa ka ga kanka. Gara ka ƙara haƙuri ka tara ka nemi Canon 250D ta 2019 ko Nikon D5600, ko tsohuwar 700D ta 2013 in ka samu mai lafiya, duk suna da ramin makirfo da sikirin mai juyawa.

Yanzu maganar da na fi so mai koyo ya riƙe, kar ka ƙarar da kuɗinka kaf a jikin kyamara. Lensin da take zuwa da shi, 18-55, yana da kyau da rana a waje kuma ya isa ka koyi komai da shi, amma da ka shiga ɗaki ko magariba ta kawo jiki sai ya fara gazawa saboda ƙofar haskensa ƙarama ce, in ka zuƙo har ƙarshe f/5.6 ce, ita lambar f ɗin nan in ta yi girma ƙofar ta tsuke ne, in ta yi ƙasa ta buɗe. Ranar da ka ɗora wa D3500 lensin Nikon 35mm f/1.8G za ka rantse wata kyamarar aka canza maka, haske ya shigo ninki-ninki, amarya ta fito tsaf bayanta ya narke, wanda shi ne hoton da yawancinmu muka gani muka fara sha'awar abin tun asali. A Canon takwaransa mai araha shi ne 50mm f/1.8 STM. Amma a kula, D3500 ba ta da injin juya fokas a jikinta, in aka kawo maka tsohon 50mm f/1.8D aka ce ya fi araha to da hannu za ka dinga murɗa fokas har abada, ka nemi wanda aka rubuta AF-S ko AF-P a jikinsa.

Ƙura ita ce babbar matsalarmu a nan, kuma D3500 da 2000D duk ba su da abin kakkaɓe sensa da kansu irin na manyan. Lokacin hunturu in ka cire lensi a fili sai ka fara ganin ɗige-ɗige baƙaƙe a hoton sama ko farin bango. Ka dinga canza lensi a ɗaki ko cikin mota, bakin kyamarar na kallon ƙasa, ka sayi ɗan famfon roba na hura iska, kar ka hura da baki kar ka sa bakin riga. Da damina kuma laima ce, lensi yana yin fumfuna a ciki in ya daɗe a rufe a jaka, 'yan ƙullin nan masu shan laima da ake samu a kwalin takalmi ka tara su ka zuba a jakar.

Nikon ta daina ƙera D3500, kamfanonin duk sun karkata ga kyamarori marasa madubi, don haka yawancin wadda za ka samu yanzu ta hannu ce. Da ta fito a Amurka kusan dala 500 aka sa mata da lensinta, a nan kuwa farashi dala yake bi, ka zaga shago uku huɗu kafin ka tsaya. Ta hannu ba laifi ba ce in ka duba da kyau. Ka je da memorinka, ka ɗauki hoto ka sa a ɗaya daga shafukan intanet da ke nuna sau nawa aka taɓa danna ta, a Nikon lambar tana cikin hoton kansa, irin waɗannan ƙananan ana yi musu lissafin wajen 100,000 ne, wadda mai hoton biki ya sha aiki da ita har ta kusa can ka bar ta ko da jikinta na sheƙi. Ka sa ta a f/22, wato ka tsuke ƙofar hasken, ka ɗauki hoton farar takarda ka zuƙo ka ga dattin sensa, ka cire lensi ka haska tocilan waya ta cikinsa ko akwai fumfuna kamar yanar gizo, ka gwada filashar jikinta da kowane maɓalli. Batir da caja ka tabbatar na asali ne, na D3500 EN-EL14a ake ce masa, na jabu sun yi yawa kuma ba sa riƙe caji. In mai shago ya ƙi yarda ka gwada, ko ya ƙi rubuta maka rasit da lambar kyamarar a jiki da kwanakin da za ka iya dawo da ita, ka ɗauki kuɗinka ka shiga shago na gaba.