Ƙaramin Ofishin Jakadancin Nijeriya a Jidda: Abin da Na Gani Bayan Ɓatan Fasfona

A Umarar da na yi bara, 'yar jakar da nake ratayawa a wuya ta salwanta a cikin cunkoson ɗawafi, ga fasfona a ciki, alhali saura kwana huɗu jirginmu ya tashi. Sakacin nawa ne, kuma shi ya kai ni ƙaramin ofishin jakadancin Nijeriya da ke Jidda, tafiyar kamar awa guda a mota daga Makka.

Mutane da yawa suna kiran wurin ofishin jakadanci, amma babban ofishin yana Riyad. Da can a Jidda jakadun ƙasashe suke zaune, sai a tsakiyar shekarun 1980 aka mayar da su babban birnin, aka bar ƙananan ofisoshi a nan saboda Jidda ce ƙofar alhazai tun zamanin Halifa Usmanu, wanda ya mayar da ita tashar jiragen ruwan Makka. Ko bayan kafa hukumar alhazai ta NAHCON a 2006, sha'anin takardun ɗan ƙasa yana hannun wannan ofishi.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda aka tantance ni. Jami'in ya duba hoton fasfon da na ajiye a wayata, sannan ya juya harshe zuwa Hausa, ya tambaye ni ƙaramar hukumata da unguwarmu da sunan mai unguwa. Da farko na ji abin banbaraƙwai, amma da na tuna cewa akwai Hausawan Nijar da Chadi da Sudan, ga kuma Takari da aka haifa a Hijaz, sai na gane cewa jin Hausa kaɗai ba ya zama shaidar ɗan Nijeriya. A benci ɗaya muka zauna da wata dattijuwa da ta zo bin sawun ɗanta da ke tsare a Tarhil, wurin da ake ajiye waɗanda za a mayar ƙasarsu, ta ƙulle takardunta a leda.

An ba ni takardar tafiya ta gaggawa, wadda amfaninta tafiya ɗaya ce zuwa gida, kuma izinin fita yana hannun Jawazat, hukumar shige da fice ta Saudiyya, ba hannun ofishin ba. A ganina aikin ya yi, musamman ga wanda ya yi sammako da hotunansa da kwafin fasfo da na biza. Da na sauka a Kano, washegari na fara neman sabon fasfo.