Husufi da tsattsaga haske: wanne ke auna nauyin tagwayen taurari?

Ɗan'uwa, ka tambaya: tunda ana ganin tagwayen taurari suna tare wa juna haske, me ya hana a san nauyinsu daga nan, har sai an tsattsaga haskensu da na'ura? Gaskiya kowace hanya rabin amsa take kawowa.

Ta husufi ta fi sauƙin farawa. Ka sa ido a kan tauraron Algol, wanda Larabawa ke kira Ra'asul Ghul. Duk bayan kwana 2 da kusan awa 21 sai ya dushe na wajen awa 10, ko da ido kana ganinsa. Tun 1783 masanin taurari John Goodricke ya ce wani abu ne ke gittawa ta gabansa. Zurfin dushewar da daɗewarta ne ke nuna girman kowane tauraro in an gwada da tazarar da ke tsakaninsu, da yadda zagayensu ya karkata gare mu. Nauyi kuwa ba ta faɗa. Amma wajen nemo irin waɗannan taurari ba ta da na biyu, don kyamara ɗaya tana gadin miliyoyin taurari a dare guda.

Ta biyu ita ce a baje hasken kamar bakan gizo. Ka tuna hon ɗin tirela: tana tahowa yana siriri, tana wucewa ya yi kauri. Haka layukan da ke bayyana a cikin bajajjen hasken tauraro suke, in ya nufo mu su matsa wajen shuɗi, in ya juya su matsa wajen ja. Daga nan ake samun gudunsa. Sai dai gudun da ya doso mu ko ya ba mu baya kaɗai take kamawa, don haka iyakarta ta ce nauyin bai gaza kaza ba.

Labarin WR 20a, wasu tagwayen taurari a gungun Westerlund 2, har yau yana burge ni. A 2004 Gregor Rauw da abokan aikinsa sun tsattsaga haskensa, suka ce kowanne bai gaza nauyin rana wajen 70 ba. A shekarar dai Alceste Bonanos da tawagarta suka kama husufinsa da na'urar hangen shirin binciken taurari na OGLE da ke Las Campanas a Chile. Zagaye ɗaya kwana 3.686, karkatarsa digiri 74.5. Da aka haɗa lissafin biyu sai nauyin ya tashi 83 da 82. Wato nauyin rana wajen 13 ya ɓuya a jikin kowanne, mafi yawansa don ba a san kusurwar karkatar ba.